Akushin Baffa Modi

Bana na zo Sakkwato da niyya ɗaya, in tafi da Inna Ingila ta zauna wurina, a duba mata gwiwoyinta, ta kuma ga inda jikokinta suke kwana. Takardu sun fito bayan wahalar da ba na son tunawa, maigidana ya gyara mata ɗaki, har bargo mai nauyi na saya. Inna ta saurare ni tsaf, sannan ta ce ba inda za ta. Dalilinta kuwa wata kular abinci ce, shuɗiya mai tsagaggen murfi, wadda take cika wa ƙanena Nasiru kowace yamma ko Allah zai jefo shi. Ina kallon kular nan raina ya ɓaci, kuma ɓacin ran ba sabo ba ne. Na san shi tun ina yarinya a gidanmu na Ƙofar Atiku, a ɗakin kakata Tumba.

Tumba mahaifiyar Baba ce, 'yar ƙaramar tsohuwa mai kaifin baki. Lokacin ɗari, da an idar da sallar isha'i, mukan ɗuru ɗakinta mu zagaye kaskon garwashi, kowa na turo ƙafa yana ture na kusa da shi. Takan binne mana dankali a toka, ita kuma ta zauna tana goga goro a magogi, don haƙoran sun daɗe da yi mata sallama. Ɗakin yakan cika da ƙanshin hayaƙi da man shanu. A bayanta kuma, kan wani tsohon akwati, kullum akwai baƙin akushi rufe da faifai. Tuwon dawa ne a ciki da miyar sure, malmala biyu manya, kuma ba mai taɓa shi ko da yunwa za ta kashe shi. Na Baffa Modi ne.

'Ya'yan Tumba biyu ne suka bar gida. Baffa Sani ya bi fataucin goro zuwa Kumasi, ya ga wuri ya zauna, ya yi aure, ya gina gida a zango. Kowace sallah sai ga saƙonsa a motar goro, atamfa da huhun goro da gaisuwa. Baffa Modi kuwa ba wanda zai ce maka ga inda yake. Yau a ce an gan shi Agadas, gobe wani direba ya rantse ya sha shayi da shi a Njamena, jibi a ce ya nufi Sudan. Tumba ba ta taɓa ajiye wa Baffa Sani ko loma ba. Akushi na Modi ne shi kaɗai, kuma kafin ta yarda a sa wa ƙyauren zaure sakata sai an yi ta daga da Baba.

Tatsuniya, wadda mu gatana muke ce mata, Tumba tana da su buhu-buhu, amma akwai ɗaya da take yawan komawa kanta. Takan gyara zama ta ce, "Gatana ta iso bakin ƙohwa, wa ka buɗe mata?" Mu kuma mu haɗa baki mu ce mun buɗe, ta shigo.

Wai wata tsohuwa ce mai 'ya'ya maza biyu, suka tashi za su shiga duniya. Babban ya haye gulbi, ya tarar da gari mai albarka, ya sari daji ya yi gona, ya aiko wa uwarsa cewa ga inda yake, ga sunan mai unguwarsu. Ƙaramin kuwa ya isa wata mararraba ya tarar da wani tsohon baduku yana ɗinki a gindin tsamiya. Ashe Hanya ce ta rikiɗa ta zama mutum. Ta ba shi takalmi na jar fatar akuya wanda ba ya tsinkewa, ba ya suɗewa, da sharaɗin duk garin da ya kwana yau, kada goben ta same shi a ciki. Yaro ya ji daɗi ya zura ƙafa, ya yi gaba.

Tsohuwa kuma kowace yamma sai ta tuƙa tuwo ta rufe masa, ta bar ƙyaure a sassauce. Kura ta ji ƙanshi, ta zo ta zura kai ta lashe kwano tas. Da safe tsohuwa ta ga kwano wayam. A nan Tumba takan maƙale murya ta yi ta rawa kamar ta tsohuwar: "Wayyo ɗana ya zaka, ya ci, bai so shi tada ni ba!" Washegari ta ƙara malmala, ta zuba man shanu. Kura ta yi ta ci har ta yi ƙibar da ba ta iya shiga ta tsagin ƙyaure, tsohuwa ta ga alamar gogar jiki a bango ta ce ɗanta ya yi jiki, ta ƙara buɗe ƙofar. Maƙwabta suka kamo hannunta suka nuna mata sawu a ƙasa, ga farce ga komai. Ta duƙa ta duba ta ce, "Sawun takalminai na."

Nan Tumba take tsayawa. Mu yi ta roƙo, to kura ta cinye ta? Yaron ya dawo? Sai ta kaɗe zaninta ta ce, "Gatana ta hita, a ja mata ƙyaure." Ba ta taɓa ƙarasa mana ba, ko sau ɗaya, kuma wannan yana ci mini rai ƙwarai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, tana gama ba mu labarin wawar tsohuwa sai ta juya ta taɓa gefen akushi ta ji ko ya huce, ta matso da shi kusa da kasko.

Wata rana na kasa haƙuri. Na ce, "Tumba, ashe ke ta tsohuwar ga."

Kafin in rufe baki na ji ranƙwashi a tsakar kai. "Ja'ira mai bakin tsiya," in ji ta. "In ni ta tsohuwa, to ku na kurayen, masu lashe akushi da sahe." Gaskiyarta kuwa, don da gari ya waye tuwon Baffa Modi ne ɗumamenmu, har faɗa muke yi a kansa.

Wadda ta fi kowa ƙorafi a kan akushin nan ita ce Inna, mahaifiyata, tunda ita ke tuƙin. Nakan ji ta a madafa tana buga muciya tana gunaguni: "Hatsi na tsada, ana tuƙa ma iska tuwo." Ba ta isa ta faɗa gaban surukarta ba, amma duk gidan ya san ra'ayinta.

Baffa Modi yakan zo, ba a ce ba ya zuwa ba. Sai dai a ji sallamarsa kwatsam, ya shigo da jakar dabino da labarai cike da baki, gida ya kaure da murna kamar an yi haihuwa. Tumba ta rasa inda za ta sa shi. Ya dafa kafaɗarta ya ce, "Tsohuwa, wagga ita ta tahiya ta ƙarshe, in na dawo na zamna." Kafin dabinon ya ƙare ya ɓace. Baffa Sani kuwa, mai atamfa da goro duk sallah, ban taɓa jin an yi masa guɗa ba. Tun ina ƙarama na ga rashin adalcin wannan, kuma har yau ban canza ra'ayi ba.

Da Tumba ta rasu, an san inda za a aika wa Baffa Sani, ya kuwa zo aka yi zaman makoki da shi. Modi ba a san ƙasar da za a nufa da labari ba. Sai da damina ta wuce, wata yamma bayan magariba, muka ji sallamarsa a zaure. Ya shigo da fara'arsa yana cewa, "Ina tsohuwa?" Ya leƙa ɗakin ya ga an kwashe gado, akushi yana kife kan akwati. Ranar tuwo ya riga ya ƙare, sai fura aka dama masa.

Na girma da wannan hoton a kaina. Shi ya sa da aikin jinya ya kai ni Ingila, na ce zama zan yi, zama na gaskiya. Ba daɗi ne ya riƙe ni ba. Sanyin can yana shiga har ƙashi, tuwon da nake tuƙawa sunan tuwo kawai gare shi, 'ya'yana in na yi musu Hausa da Turanci suke amsa mini. Amma ina da ƙofa mai lamba, ina da maƙwabta da suka san sunana, kuma duk Juma'a Inna ta san wayata za ta shigo. Nasiru kuwa takalmin badukun nan ya samu, ban san a wace mararraba ba. Ya sayo kayan waya a Sin ya sauke a Kwatano, daga nan sai Alƙahira, sai Dubai, sai wata ƙasar da ban iya faɗin sunanta ba. Kowace ƙasa da sabuwar lamba, in ka kira ta jiya a ce maka ba ta aiki. In ya ga dama ya kira ni daga filin jirgi yana dariya: "Yaya Kulu, ke kin ɗaure kanki wuri guda kamar akuya a turke." Na roƙe shi ya zaɓi gari, ko wane gari ne, ko Yamai ce nan kusa, ya kama ɗaki ya ce ga inda yake. Ya ce in ya dawo daga wannan tafiyar zai duba.

Yanzu Inna tana unguwar Arkilla, gidan Yaya Bello, babban wanmu. Ana gobe za mu koma aka ɗauke wuta da yamma, muka fito tsakar gida muka zagaye murhun gawayi, ni da 'ya'yana biyu da Inna. Kular Nasiru tana gefenta a rufe. Na ce wa yaran su matso in ba su gatana, na kuwa ɗaga murya yadda Inna za ta ji kowace kalma. Na ba su baduku da takalmi, na ba su kura da ƙibarta, na ja maganar sawu fiye da yadda Tumba take ja. 'Yata ta tambaya da gurguwar Hausarta ko kura ta cinye tsohuwar.

Inna ce ta amsa, amma ni ta kalla. "Kulu, ni kika ma gatana? Na ji ta tun ba a haihe ki ba."

Na ce, "Inna, ke ta hwa mai hwaɗa kan akushin Baffa Modi."

"Sannan ban haihi matahiyi ba."

"To gidan ga cike shike da mutane. In Nasiru ya zaka, matar Yaya Bello ta ba shi abinci. Ki zo mu tahi a duba ƙahwar ga taki."

Ta girgiza kai. "Ba ta aje mai. Na sani, don ni ma ban aje ma Modi ba. Ni nid dama mai hurar nan."

Nan haushi da kishi suka kama ni, ba zan ɓoye ba. Na ce, "Ni hwa, Inna? Tun da nit tahi, kin taɓa aje min ko loma guda?"

Ta tura gawayi da ɗan itace, ba ta ko ɗago ba. "Ke na san inda kika cin tuwo. Shi ban san ko ya ci ba."

Shekaru na ɗauka ina zaton Tumba ba ta gane kanta a cikin gatanar nan ba, ko kuma ta gane tana yi wa kanta dariya. Yanzu na fi zaton mu take yi wa magana, mu da muke turo ƙafa gefen kasko, don ta san wata rana za mu watse. Tsohuwar ba za ta daina ajiye tuwo ba, nuna mata sawu ɓata baki ne, shi ya sa labarin ba shi da ƙarshe. Abin da ya rage kawai shi ne wanda ya fita ya tsaya wuri ɗaya, ya ce ga ni nan, uwarsa ta samu ta sa sakata ta yi barci. Na ji wannan, na bi shi sak. Ladan da na samu shi ne an ɗauke kwanona, wanda bai ji ba kuma shi ke da kula da uwar gaba ɗaya. Na san kwanciyar hankali na ba Inna, na san ba ƙaramin abu ba ne, amma har yanzu in na tuna bargon nan yana ninke a ɗakin da ba kowa, sai in ji kamar in shaƙe Nasiru.

Da safe yarana suka cinye ɗumamen kawunsu Nasiru suna santi, suna tambayar me ya sa ba na yin irinsa a can. Inna ta wanke kular ta kife ta a rana don ta bushe kafin yamma. Muna cikin ɗaure kaya keke mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofar gida. Inna da kanta ta sa aka kira shi, ta san mu ya zo ɗauka. Duk da haka na ga ta dafa bango ta miƙe da gwiwoyin nan nata, ta riga mu isa ƙofa, ta leƙa kujerar baya.