Ƙarfen da Na Auna da Hannu

Ku da kuke koyon gyara a wannan rumfa, akwai ranar da har yau ban manta da ita ba, wata Laraba cikin damina. Shekara talatin da wani abu ina gyaran rediyo da talabijin a bakin tashar Rano. Aji uku na yi a firamare, ukun ma rabinsu a kan bishiyar mangwaro na yi su. Ilimina a tafin hannu yake: in ɗaga taransifoma, in ji nauyi, in ce ta gaske ce.

Nura ɗan ƙanwata, mai shagon wasan kwamfuta a Kibiya, ya diro daga babur ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

"Kawu, fawa nake nema."

"Ka koma mahauci ne?"

Ashe fawa a bakinsu akwatin ƙarfe ne da ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta. Ya haɗa wata babbar kwamfuta mai katin hoto biyu, wato allunan da ke zana wasan a fuskar talabijin, masu cin wuta kamar dutsen guga. Ranar Asabar samarin Rurum za su zo gasa da na Kibiya, ga shi da wasa ya yi zafi sai ta mutu. Kati ɗaya ma na abokinsa ne, amana.

Washegari muka shiga Kano. Mai shago ya ajiye mana guda biyu. Nura ya duƙa yana karanta ƙananan rubutun gefe, na ture shi. Na ɗaga wannan, na ɗaga waccan. Mai lambar ƙarfin wuta dubu da ɗari biyu ta kusa karya min wuyan hannu.

"Wannan. Ni hannuna sikeli ne."

"Kawu, ba ta da sunan kamfani fa."

"Sunan ne zai ba ka wuta?"

Juma'a bayan masallaci muka ɗaura ta. Wasa ya hau, fankoki suka ɗau kuka. Na kasa zama, na kasa tsayuwa. Can hancina ya jiyo ƙaurin roba. Na yi tsalle na fizge waya daga bango, har hulata ta faɗa bokitin ruwa. Nura ya dafe kai.

"Katin mutane, Kawu!"

Na kwance akwatin fawar. Wayoyi sirara kamar zaren ɗinki, 'yan kaya ƙanana, sai wani guntun ƙarfe da aka manna da gam a ƙasa. Ba ya haɗe da komai. Domin irina aka saka shi.

Na ce, "To, karanta min abin da na hana ka."

Ya karanta wutar da kowane kati ke ci, ya haɗa da na sauran kayan, ya ƙara rarar da za ta hana akwatin wahala. Ya nuna min layin bolt sha biyu, wato wutar da katunan ke sha, a takardar gefen fawar, ya ce can gaskiyar take, ba a babbar lamba ba. Kuma kowane kati da wayarsa daban, ba a raba musu ɗaya.

Asabar da asuba na hau mota ni kaɗai da lissafin da Nura ya rubuta min a aljihu. Na karɓo wadda na raina, mai ɗari takwas da hamsin. Har na dawo ba mu san ko katunan sun tsira ba. Muka ɗaura, Nura ya yi bisimilla ya danna. Duka biyun suka kawo haske. Har la'asar ba ta yi ko tari ba. Rurum ce ta ci, amma wannan ba laifina ba ne.

Abin da na koya shi ne, masu ha'inci ma suna zama su karanci tsofaffin masu gyara. Ku ɗaga kaya, ku shinshina, amma ku buɗe, ku kuma bar mai karatu ya ƙarasa karatunsa. Guntun ƙarfen kuwa ga shi nan kan teburina. Da shi nake fasa goro.