Tulun da Zara'u Ta Ɗora Mini a Bakin Tafki

Shekara bakwai ke nan da rasuwar taubashiyata Zara'u, 'yar kawuna, kuma har yau idan kwaɗi suka ɓarke da kuka bayan ruwan farko sai na waiga, kamar zan gan ta tsaye da moɗa a hannu tana hararata. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Na so in rubuta mata abin da zai sa mai karatu hawaye, amma duk sa'ad da na ɗauki alƙalami dariya ce ke riga fitowa, don haka na bar wa dariyar hanya.

Garinmu ƙauye ne ta wajen Durum, a ƙasar Damagaram, kuma rayuwarsa duka a bakin tafki guda take. Wata korama ke gangarowa daga tudu da damina ta cika shi, mu kuma mu lallaɓa ruwan har bazara. Tun kakanni an raba bakin tafkin uku da turaku: inda korama ke shigowa na ɗibar ruwan sha ne, tsakiya na wanki, can ƙasa na shanu da awaki. Idan ruwa ya ja sai a yi gayyar yasa, a kwashe laka da yashi. Masu gini su sami ƙasar tubali, mata su sami yumɓun tukwane, tafki kuma ya koma zurfinsa kafin damina.

Babu wanda ya naɗa Zara'u kan komai, ita ta naɗa kanta. Kullum da safe za ta ɗebo ruwa a moɗa, ta ɗaga shi wajen rana, ta shinshina, ta ɗan taɓa a harshe, sannan ta faɗi lafiyar tafki kamar mai ba da labarin maƙwabci. Ita ta koya wa rabin matan garin su daka 'ya'yan zogale su zuba a tulu don laka ta kwanta, su tace da farin ƙyalle kafin a sha. Wadda ta kuskura ta kawo wanki wajen turken farko kuwa, ranar sai ta gwammace da ba ta fito ba. Ta kan ce kwaɗi ne likitocinta, muddin suna surutu hankalinta a kwance yake.

Ni ɗan mace ne, ita 'yar namiji, saboda haka a al'adar taubasantaka bawanta nake, kuma ba ta taɓa barin in manta ba. Na je lakwal, wato makarantar boko, na dawo garinmu malamin makaranta, yara da manya suna ce mini Mushe, yadda ake kiran malami da Faransanci, ina tafe da takalmi sau-ciki ina jin babu kamata. A wajen Zara'u kuwa duk wannan bai ƙara mini ko taƙi ba. Tsakiyar kasuwa za ta ɗaga murya ta ce, "Bawana, zo ka riƙe mini ƙwarya." Dole in riƙe, don fushi da taubashi abin kunya ne a wurinmu.

Wata shekara na yi lambun tumatir da kabeji, tsutsa ta sa shi gaba. Na sayo famfon feshi da maganin ƙwari wajen wani ɗan kasuwa Bakano a birni, ni ne na farko da ya shigo da irinsa garin. Na yi feshina na gama, ga ragowar magani a ciki, ga wari ya ishe ni. Ƙarshen rani ne, ruwa ya ja sosai, wurin wanki ya zama taɓo. Sai na zaga wajen turken farko inda ruwan ya fi kyau, na juye ragowar, na ɗauraye famfona tas, na tafi gida ina fito. Wallahi ko a raina ban kawo komai ba. Ni da nake koya wa yara darasin tsabta a allo!

Washegari tarwaɗa da kwaɗi suka taso ciki sama a gefen ruwa. Mai gari ya hana shan ruwan tafki har sai damina ta wanke shi, mata suka koma tsohuwar rijiyar bayan gari, tafiya mai nisa a rana. Aka shiga zargin juna, har wasu suka fara nuna makiyayan da ke sauke a gefen gari. Ni kuwa na ɓoye laifina, ina fatan magana ta mutu da kanta.

Kwana biyu bayan haka ina fitowa daga aji sai ga Zara'u a ƙofar lakwal, da tulu da gammo, mata kusan goma a bayanta.

"Bawana," ta ce, "ƙafa nawa ce a garin nan ke barin zane a laka kamar tayar mota?"

Na dubi takalmina, ita ma ta dube shi.

"To sunkuyo. Ka kashe mana ruwa, yau kai ma ka shiga layin mata."

Da wani ne ya yi mini haka da sai an kai gaban mai gari. Amma taubashiya ce, kowa ya san ba ni da bakin magana. Ta ɗora mini gammo, ta ɗora tulu, muka ɗunguma rijiya mata na guɗa. Kafin in iso gida rabin ruwan a rigata yake, tsofaffi suna riƙe ciki don dariya. Haka na yi ta yi kowace la'asar har ruwa ya sauka, ina zuba wa gidajen tsofaffin da ba su da mai ɗebo musu. Sai daga baya na gane abin da ta yi. Ta cire makiyaya daga zargi, ta kuma mayar da laifina abin dariya kafin ya zama abin gaba. Tun daga lokacin sunana ya koma Mushe Mai Tulu.

Bayan rasuwarta, idan na tsaya a bakin tafkin nan ina yawan tambayar kaina, da Zara'u za ta leƙo, me za ta ce? Damina ba ta zuwa yadda muka san ta. Sai a yi kwanaki ana duban sama, sannan ruwan wata guda ya zubo rana ɗaya. Itatuwan tudu sun tafi murhu, gonaki sun matso har gaɓar korama, saboda haka abin da ke gangarowa rabi ruwa ne rabi yashi, ga leda, ga takin zamani da aka watsa a gona. Zafi kuma ya ƙaru, kafin tsakiyar rani ruwan ya yi kauri ya yi kore, yana ɗanɗanon kanwa. Masu hali sun koma ginin siminti, ba mai neman laka, gayyar yasa ta mutu ba a ko yi mata zaman makoki ba. Turakun nan uku an cire an yi girki da su, samari na wanke babura daidai inda na wanke famfona. Na san ba za ta zauna tana cewa zamani ne ba. Za ta fara neman wanda za ta ɗora wa tulu.

Bara da bazara magana ta kai maƙura. An yi wa garin famfo mai aiki da hasken rana, alhamdu lillahi, ruwan sha ya samu. Sai wasu suka kawo shawarar a cike tafkin, tunda ya zama kwatami mai sauro, a yanka filin a yi shaguna. Mai gari ya sa ranar taro. Ni ina birni, na ajiye koyarwa, gwiwa ta fara ba ni labari. Sai ga Hajo, babbar 'yar Zara'u, wadda ke ciyar da gidanta da lambun bakin tafkin, ta yi sallama da wani abu nannaɗe a zane. Ta kwance, sai ga tulun nan, bakinsa ya ɗan gutsure.

"Kawu," ta ce, "Inna ta bar wasiyya. Ta ce duk ranar da tafki ya shiga uku, a kai wa bawanta wannan, ya san aikinsa."

Na yi dariya har hawaye suka zo, daga nan kuma hawayen suka ƙi tsayawa. Matar nan tana kabari ma ba ta 'yanta ni ba.

Ranar taro na shiga fili da gammo da tulu a ka, da furfurata da komai. Tsofaffi suka kwashe da dariya, samari suka yi sororo suna tsammanin Mushe ya taɓu. Na sauke tulun a gaban mai gari na ba su labarin famfon feshi daga farko har ƙarshe, ban rage wa kaina komai ba. Na ce ni na taɓa kashe tafkin nan na wata biyu da hannuna, na kuma ji a wuyana abin da rashinsa ke nufi. Famfo zai shayar da mutum, amma ba zai shayar da garken shanu da lambu arba'in ba, kuma duk tsohon da ke wurin ya san rijiyoyinmu na ja da baya a shekarar da tafki bai cika ba. Hajo ta miƙe ta ce su mata sun yarda su kwashe yashi da ƙwarya idan maza sun gaji. Wannan magana ta fi tawa aiki, don babu namijin da ya so a ji ta a garin maƙwabta.

Mai gari ya yanke: a yi yasa, a ba tafki shekara guda. Idan ya riƙe ruwa mai amfani har bazara, maganar cikewa ta mutu. Idan ya kafe, a yi shaguna.

Aka yi gayya irin wadda na manta da ita. Makaɗi ya zo da gangarsa, amalanken shanu suna ta jigilar yashi zuwa gonaki, makiyaya suka kawo nono, mata suka dama fura. Samarin babura, da na ɗauka su za su fi ba mu wahala, su suka jera duwatsu a bakin korama don tare yashi, suka kuma tsince leda buhu-buhu. Aka kafa sababbin turaku uku, aka dasa bagaruwa a gaɓa. Ni dai ba a bar ni na taɓa shebur ba. Aikina raba ruwan sha da tulu, kowa na kira, "Mai Tulu, nan ma!"

Ba zan yi ƙarya in ce tafkin ya koma na ƙuruciyarmu ba. Leda na zuwa har gobe, kuma sama ba ta tambayarmu kafin ta yi abin da ta ga dama. Amma bana, a tsakiyar zafin bazara, shanu sun sha a turken ƙasa, kabejin Hajo ya kai kasuwa, kuma mai gari ya aiko mini cewa maganar shaguna ta wuce.

Zara'u ba ta bar gadon gida ko gona ba, ba ta iya rubuta sunanta ba. Abin da ta bari shi ne mata masu shinshina ruwa kafin su ɗiba, da garin da ya tuna yadda ake gyara ɓarna ana dariya. Da ruwan farko ya sauka bana na je garin. Da almuru ina tsaye a gaɓa kwaɗi suka ɓarke gaba ɗaya, har ba ka jin maganar na kusa da kai. Hajo ta sunkuya ta ɗebo a moɗar uwarta, ta ɗaga, ta shinshina, ta taɓa a harshe.

"Lafiya lau, Kawu," ta ce. "Sai ka dawo mini da tuluna."

Na ce mata a'a. Wadda ta ɗora mini shi ba ta ce in sauke ba tukuna.