Mai Famfo da Jijiyar da Ta Toshe

Shekara talatin da ɗoriya Mai Famfo ya yi yana durƙuso a ɗakunan girkin mutane, yana zaƙulo maiƙon da ya daskare a bututu. Siriri ne kamar sanda, abinci ma sai matarsa ta yi da gaske yake ci. Shi ya sa da ciwon ƙirji ya kayar da shi a matakalar wani bene, likita ta ce kitse ne ya toshe masa jijiyar zuciya, sai ya yi dariyar yaƙe.

"Likita, dube ni fa. Ina kitsen yake?"

"Ba a ido ake ganinsa ba, Baba," in ji ta. "A cikin jini akwai 'yan dako iri biyu. Wasu suna ɗauko kitse daga hanta su kai wa jiki, in sun yi yawa sai su riƙa jibge kaya a bangon jijiya. Wasu kuma su kwashe su mayar. Naka masu jibgewa sun yi yawa, ina zaton gado ne."

Aka buɗe jijiyar, aka tokare ta da ɗan ƙarfe, aka ce ya riƙa shan magani kullum har abin da hali ya yi. Wata uku ya sha. Da numfashi ya dawo, ya tura kwalbar maganin bayan rediyo. A sana'arsa in ruwa ya wuce an gama aiki. Mai ci gaba da zuba magani a bututun da ke gudu, ko dai wawa ne ko macuci.

Matarsa ta yi magana har bakinta ya gaji. "Malam, jiki fa ba famfo ba ne."

"Ke dai bari. In toshewa ta zo zan ji ta."

Bai ji ta ba sai da ta iso, bayan shekara biyu. Wannan karon ma ya tsira da rai, amma wani sashe na zuciyar ya mutu. Jakar kayan aikinsa ma ta fi ƙarfinsa. Duk da haka kullum cewa yake, sati mai zuwa zai koma aiki.

Wata safiya yana zaune a ɗaki, ya ji sallamar wani mai otal da ya daɗe yana yi wa aiki. Matarsa ta fita. Ya kasa kunne, yana jira ta ce a dawo sati mai zuwa.

"Ku yi haƙuri ku nemi wani," ta ce a hankali. "Ya ajiye aiki."