Ranar da Guɗata ta Dawo

A gidanmu na Rawayya ni ce mai guɗa. In na kama hanci na rangaɗa ta, har ƙarshen unguwa an san amarya ta iso. Aure ya kai ni Gusau, na yi haihuwa uku, kowane jego Inna na ɗura min kunun kanwa da farfesu da man shanu, ni kuma ban taɓa cewa ya isa ba. Na yi ƙiba har zobena ya ƙi fita. Inna ta ji daɗi, don a wurinta macen da ta cika zane ita ce miji ke riƙo da kyau.

Asmar da nake da ita tun ina yarinya kuwa sai ta taso ni gaba. Shara kaɗan, ƙirjina ya hau kuka kamar ɗan kyanwa. A wani suna na ɗauko guɗa, ta yanke a tsakiya, na ɓuge da tari, mata na yi min fifita. Wallahi kunyar ranar ta fi ciwon zafi.

Likita ta ce teɓar nan ce ke matse huhuna, ba ta barin sa ya buɗe sosai. Ba ta ce asmar za ta tafi ba, amma in na rage jiki zan samu sauƙi. Lokacin saura wata takwas a ɗauko amaryar ƙanena daga Tsafe, kuma na ji ana shawarar nemo wata mai guɗa. Wata! Ina raye!

Na mayar da malmalar tuwo biyu ɗaya, na rabu da lemon kwalba, na koma zuwa Islamiyya a ƙasa maimakon babur. Da farko sai na tsaya sau uku a hanya. Ranar da na isa ban tsaya ba, na shiga aji ina dariya ni kaɗai.

Ranar biki Inna ta ja ni ɗaki, ta kama hannuna tana jujjuyawa.

"Ɗiyata, mi as same ki? Ba shi ba ki abinci? Hwaɗa mani gaskiya."

Na yi mata bayanin likita, ta taɓe baki, ta ce bayan biki Kawu zai je ya ji ta bakin mijina.

Sai ga motocin Tsafe. Na taɓa jakata na ji maganina na shaƙa yana ciki, na yi bisimilla, na kama hanci. Guɗar ta fito, ta yi sama, ta ƙi ƙarewa! Ni kaina jira nake tari ya zo, bai zo ba. Na ƙara ta biyu. Mata suka yo kaina da shewa, ni ko hawaye ne ke zuba don murna.

Da aka zo rabon abinci, ƙanwata ta ɗauko kwanona za ta cika. Inna ta riƙe mata hannu.

"Malmala guda za ki sa mata," in ji ta.