Tukunyata 'Yar Kwatano

A gidanmu na Kano ban taɓa ɗaukar Kwatano a matsayin gari ba. Motar Baba 'yar Kwatano ce, firjinmu ɗan Kwatano, wato wani ya mora kafin mu. Da wannan bakin na sauka Kuala Lumpur, na biyo maigidana da ya zo karatu.

A unguwarmu ta Taman Melati, duk wanda ya gama karatu yakan bar wa sababbin zuwa kayan ɗakinsa. Haka na gaji injin wanki da gadon jariri. Wata rana maƙwabciyata ta shigo. Ta girme ni, Hausarta ta ɗan bambanta da tawa, kuma ita kaɗai gare ni a benen nan. Ita ta koya mini hawa jirgin ƙasa zuwa kasuwar Masjid India. Ta shafa gadon, ta yaba.

Na ce, "Yaya, kar ya ruɗe ki, tarkacen Kwatano ne."

Ta ajiye kofinta a hankali. Ta ce, "A can aka haife ni, a unguwar Zango."

Kwana tara ba ta ƙwanƙwasa mini ƙofa ba. Kewarta ta ishe ni, kunya ta hana ni sakat, ga kuma son jin ƙwaƙwaf da aka san ni da shi tun ina ƙarama. Ashe har haihuwa ake yi a Kwatano? A rana ta goma na sayo shayi a shagon ƙasan benenmu, aka ƙulla mini shi a leda, abin da 'yan ƙasar ke kira tapau, na nufi wurinta.

Na ce, "Yaya, ga tapau na yo miki. Ki yafe mini, ki kuma ba ni labarin garinku."

Ta karɓi shayin, ta fara. Ta ce iskar teku ce ke sa ƙofofinsu tsatsa, 'yan acaɓansu kuwa duk riga ruwan ɗorawa suke sawa. Babanta direba ne, yana ɗaukar motoci daga tashar jiragen ruwa ya kai Arewa, kuma kafin kowace tafiya ita ke wanke motar, har tayoyi.

Ta ce, "Wa ya sani, ƙanwata, ko ni na wanke ta babanki."

Da mijinta ya kammala karatu, ta bar mini tukunyar dalma da ta taho da ita daga gida. Har yau in baƙuwa ta tambayi inda na samo ta, nakan ce 'yar Kwatano ce, sannan in jawo mata kujera, don bayanin da ɗan tsawo.