Ticha Issaka, Malamin da Muryarsa ta Riga Shi Tafiya

Bana shekara talatin ke nan da muka sauke Ticha Issaka a makwancinsa, muka karkaɗe hannu muka dawo Mamobi. Yawancin waɗanda suka ɗauki makararsa sun bi shi. Ni da na yi saura, ido ya yi rauni, tafiya sai da sanda, na ga gara in faɗi abin da na sani a kansa tun bakin yana motsi. Ni malamin lissafi ne, rubutu ba fagena ba ne. Da yana raye, da ya bi wannan shafi da jan biro.

Mun haɗu a shekarun saba'in, a wata makarantar midil da ke tsakanin Nima da Mamobi. Dogon zaure ne guda, rufin kwano, aka raba shi aji-aji da falankin katako. Yana koyar da Turanci a wancan ɓangare, ina fama da lissafi a wannan. Saboda haka na daɗe ina jin darasinsa kafin in taɓa ganin yadda yake bayar da shi. Murya gare shi mai kauri da sanyi, irin wadda in ta fara karanta waƙa, yarana sukan bar ni da allo su karkata kunne wajen katako. Da farko abin yana ba ni haushi. Daga baya ni ma na koma karkata nawa.

Wanda bai san Zango ba, wato unguwanninmu na baƙi irin su Nima da Mamobi, zai ɗauka koyar da Turanci a nan kamar ko'ina ne. Yaranmu suna zuwa aji da harsuna a baki kamar 'yan koli da kaya. A ɗaki Dagbani ne, ko Kotokoli, ko Zabarmanci. A lungu Hausa. A kasuwa Twi da Ga. A makarantar allo Larabci. Turanci shi ne baƙon da ya zo a makare, kuma aka ce shi kaɗai zai zauna a kujera. Dokar makaranta ita ce duk yaron da aka ji da harshen gida ya sha bulala ko ya share fili. Sakamakon haka yara suka gano hanya mafi sauƙi ta tsira, wato yin shiru.

Issaka ya ƙi jinin wannan shirun. Waƙoƙin da ke cikin littafin aji suna magana a kan ƙanƙara da furannin da babu wanda ya taɓa gani a Nima, amma bai yar da su ba. Yakan karanta, ya sa yara su buga teburi da tafin hannu suna bin amon. Ya ce musu, "Ku fara jin tafiyarta, ma'ana tana biye." Bayan nan sai ya aike su gida, kowa ya samo waƙar da uwarsa ke yi wajen daka ko rarrashin jariri, ko kiran da mai talla ke yi a ƙofarsu, a zo a juya ta zuwa Turanci tare.

Akwai wani yaro Fuseini, wanda aka sa makaranta a makare, har gemu ya fara tsiro masa yana midil. Yana zama can baya, kunya ba ta barinsa ya buɗe baki. Wata safiya sai ga uwarsa, Mma Salamatu mai koko a mahaɗar Kawukudi, ta shigo aji da zane ɗaure a ƙugu. Ta katako na ji komai.

"Ticha, ni na kawo yaro ya koyi Turanci ne. Kullum yana damuna, Mma yi waƙa, Mma yi waƙa. Waƙar daka zai ba shi aiki?"

"Mma, ki yi haƙuri. Tunda kin zo da kanki, ki yi mana ita sau ɗaya, sai mu daina damun ki."

Ta yi tsaki, sannan ta rera da Dagbani. Waƙa ce a kan mace da ta bar ƙauyensu, take tambayar tsuntsu ko bishiyar ƙofar gidansu tana nan. Babu wanda zai iya fassara ta kamar ɗanta, don haka dole Fuseini ya miƙe. Yana lalubo kalmomin Turanci ɗaya bayan ɗaya, Issaka yana rubutawa a allo, har suka kai ƙarshe. A ƙasa ya rubuta sunan mai waƙar. Fuseini ya karanta allon nan daga sama har ƙasa da ƙarfi, abin da bai taɓa yi ba. Aka nuna wa uwar inda sunanta yake. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan duka ni ne?"

Hedimasta bai ji daɗin jin harshen gida a aji ba, ya kira Issaka ya ja masa kunne. Issaka ya ba shi haƙuri cikin ladabi, ya ce yaron da zai hau soro, da tsanin gidansu yake farawa. Ya koma aji ya ci gaba. A unguwa kuma ba a ɗauke shi da muhimmanci ba. Baturen Mamobi ake ce masa, rabi wasa rabi ba'a. Iyaye maza sun fi son yaro ya gama ya tafi koyon kanikanci ko ɗinki, waƙa kuwa aikin marasa abin yi ce. Ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe.

Sai zamani ya juya. Abinci ya yi wuya, alli ma sai an gutsura an raba. Malamai suka fara zarewa ɗaya bayan ɗaya zuwa Legas, a kwana da mutum a wayi gari a ji ya tafi Agege. Ban taɓa ganin laifinsu ba, kowa da bakunan da ke jiransa a gida. Na tambayi Issaka ko ba zai bi sahu ba, shi da Turancinsa zai samu karɓuwa ko'ina. Ya ce, "Seidu, in kowa ya tafi ɗebo ruwa, wa zai zauna da tukunya a kan wuta?"

Da malamai suka yi ƙaranci, muka cire falankin katakon, aka haɗa aji uku a zaure ɗaya. A lokacin na fara ganin abin da na daɗe ina ji. Ashe in yana karanta waƙa rufe ido yake yi. Yakan hau benci don na baya su ji shi. Ga hayaniyar titi, ga masu ƙira a maƙwabta, in damina ta sauka kuma ruwa yana dukan kwano kamar ana casa. Duk wannan da maƙogwaro ɗaya yake ture shi, safe da yamma, don makarantar kashi biyu take yi.

Muryar ta fara dushewa. Muka ce mura ce. Matarsa Azara ta dage da zuma da citta da kanumfari. Mu abokansa har tsokanarsa muke, muna cewa Baturen Mamobi ya koma agwagwa, shi ma yana dariya. Shekarar yunwa ta zo ta wuce, lokacin da babu mai tunanin asibiti saboda maƙogwaro alhali ciki babu komai. An ce jiki magayi, to ya gaya mana, mu ne ba mu saurara ba. Ban ce koyarwa ce ta jawo masa ciwon ba, likita ma bai ce haka ba, komai da ƙaddararsa. Amma da aka kai shi babban asibiti, abin da aka ce shi ne an makara. Akwai tsiro a maƙogwaron. Za a iya ceton ransa, muryar kuwa sai dai haƙuri.

Darasinsa na ƙarshe da murya bai yi wa yara wani jawabi ba. Ya buɗe littafi ya karanta da ɗan raɗan da ya rage masa, zauren nan mai aji uku ya yi tsit har kana jin ƙuda. Azara ta gaya mini daga baya cewa da ya koma gida da la'asar, zama ya yi a tabarma yana kiran 'ya'yansa da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. In yaro ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba ga ni," sai ya ce babu komai, je ka. Jim kaɗan ya sake kiran wani.

Kowa ya ɗauka shi da aji sun rabu ke nan. Bayan an yi masa aiki ya warware, sai ga shi da ƙyalle ɗaure a wuya, alli a hannu ɗaya, rula a ɗayan. Ya rubuta waƙa a allo, ya nuna yaro da rula, yaro ya karanta, shi kuma yana ƙwanƙwasa teburi yana riƙe masa amo. In an yi kuskure ya ɗaga gira, in an yi daidai ya dafa ƙirji. Na rantse ban taɓa ganin yara sun yi karatu kamar na wannan lokacin ba, domin babu wanda zai karanta musu, dole su zama bakin malaminsu. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Amma ba a bar shi ba. Lokacin da aka sauya tsarin makarantu, midil ta zama ƙaramar sakandare, masu duba malamai suka zo suka tarar da malamin Turanci da ba ya magana. Suka ce a sallame shi saboda rashin lafiya. Bayan sallar Juma'a iyaye suka taru, aka yi ta maganganu masu zafi, kowa ya ce da shi za a je ofishin ilimi a roƙa. Ranar tafiya, waɗanda suka fito ba su cika benci ɗaya ba. Mma Salamatu tana ciki, ta bar kokonta a hannun maƙwabciya. Jami'in da muka samu ya karɓe mu da mutunci, ya saurare mu, ya ce doka ce, ba shi da yadda zai yi. Wataƙila ko Zango duka ta je amsar ɗaya ce. Sai dai har yau ina cewa da ma mun cika harabar nan, ko don Issaka ya gani da idonsa. Taron tsintsiya muka yi, babu shara.

Sauran shekarunsa a kan benci ya yi su a ƙofar gida. Yara suna zuwa da aikin makaranta, yana bin layi da yatsa tare da su. Yana da burin da bai cika ba, na ya buɗe ajin Asabar ya koya wa 'yan Zango rubuta Hausar da suke yi. Wata rana ya rubuta mini a ɗan allon da yake yawo da shi: "Mun ɗinka wa harshen wasu riga, namu yana yawo ba takalmi." Muka ce sai ya ƙara samun ƙarfi. Ciwon ya dawo kafin ƙarfin.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Jikokina suna wuni suna rubutu da babban yatsa a waya, Hausa da Turanci da Twi a cakuɗe, babu waƙafi babu aya. Tsofaffi irina muna tsaki. Shi ina jin ba zai yi tsaki ba. Zai ce a miƙo masa wayar ya gani, ya yi murna cewa yaran da aka sha dukan su don su yi shiru, jikokinsu ba sa iya yin shiru. Abin da zai dame shi wani ne. Injin niƙa ya kashe turmi, waƙar daka ta bi shi. In malami ya aiki yaro gida yau ya samo waƙar uwarsa, ban san da me zai dawo ba. Makarantarmu kuwa ta zama bene mai fenti. Na shiga kwanaki na tambayi wani matashin malami ko ya taɓa jin sunan Ticha Issaka. Ya yi tunani, ya ce ko ɗan siyasa ne?

To me ya rage? Babu hoto a bango, babu titi da sunansa, ko kaset ɗaya babu wanda ya yi tunanin ɗauka lokacin da muryar take nan. Da na sani ƙeya ce. Abin da ya rage yana warwatse a cikin mutane: direbobi, teloli, 'yan kasuwa, malaman jinya, waɗanda in takarda ta zo hannunsu ba sa neman wanda zai karanta musu, kuma ba sa jin kunyar harshen da aka yi musu rarrashi da shi. Wannan ba ƙaramin gado ba ne, ko da magadan ba su san daga inda ya fito ba.

Bayan ƙaramar sallar da ta wuce, babban ɗansa Awudu, mai sayar da kayan mota a Abossey Okai, ya zo ya ɗauke ni mu ziyarci kabarin. Maƙabartar ta cika ta batse. Ƙarfen alamar da aka kafa tsatsa ta cinye shi, bishiyar da muke kwatance da ita an sare. Muka yi ta zagaye cikin rana, na san layin amma ban san wurin ba. Na tsaya na jingina da sanda, hawaye ya zo mini, na ce, "Awudu, mun ɓatar da shi."

Ya kama hannuna ya ce, "Baba Seidu, lokacin da yake koya mini karatu, in na tsaya a kan kalmar da ban gane ba, cewa yake kada in tsaya, in karanta layin duka, tana ciki."

Muka koma farkon layin, muka ɗaga hannu, muka bi kaburburan nan ɗaya bayan ɗaya da addu'a har ƙarshe. Allah Ya jiƙan Issaka, Ya jiƙan maƙwabtansa.