Ruwan da Habu Yake Bina

Akwai ranar da har yanzu ba ta bar zuciyata ba, wata Litinin a shekarar da aka canja takardun kuɗi, lokacin da mutum zai wuni a layi a Kura bai samu na cefane ba. Ina ba ku labarin ne, ku da kuka shigo aikin ruwa bayanmu, don yawancinku kun san an taɓa tura ni waje, amma ba ku san yadda shirin ya kasance ba.

A lokacin ni ne mai kula da ƙofofin ruwa a wani sashe tsakanin Kura da Bunkure, shekarata ashirin da biyu a bakin kanal. Ga wanda bai san aikin ba: ruwa yana zuwa ta babban kanal, ya rabu zuwa ƙanana, kowane manomi da ranarsa da sa'o'insa. Ni ke riƙe da makulli da jadawali. Mai wannan aiki kowa yana gaishe shi, amma ba mai zama da shi. In ka ci abincin wani, gobe a ce da ruwa ka biya. Don haka na saba cin tuwona ni kaɗai, balle bayan rasuwar mai ɗakina, Allah Ya jiƙanta.

A wannan Litinin ɗin ne Injiniya, shugaban sashenmu, ya kira ni ofis.

"Malam Ado, an zaɓe ka kwas na mako shida a Indonesiya, kan rabon ruwa a gonakin shinkafa. Ka je wurin Madam Rahila, ita ke da takardun."

Madam Rahila akawunmu ce, mutuniyar Filato, ta daɗe a nan har ta fi wasunmu sanin ƙauyuka. Ta karanta mini sharuɗɗan, ni kuma ina juya su da ajami a bayan jadawalina, don shi idona ya fi sabawa da shi. Fasfo, kuma ya zama da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare. Allurar shawara, a yi ta kwana goma kafin tafiya, in ba haka ba katin nan mai ruwan ɗorawa ba zai yi aiki ba. Gwajin likita. Riguna marasa nauyi masu dogon hannu, lema, da man korar sauro, don can akwai zazzaɓin da sauron rana ke kawowa.

Na ce, "Madam, mu da muka tashi a cikin sauron shinkafar Kura za a tsorata da sauro?"

Ta ce, "Baba, naku ya san ku. Na can bai san kai ne mai makulli ba."

Duk waɗannan na yi su ɗaya bayan ɗaya. Na shiga Kano sau uku. Na zauna a benci a wurin allura, kowa da wanda ya rako shi, ni da ledar takarduna. Hannun ya kumbura kwana biyu, na riƙa murɗa ƙofa da hagu. Ban damu ba.

Abin da ya tsayar da ni shi ne takarda ta ƙarshe, ta masu ɗaukar nauyin kwas ɗin. Suna son sunan ɗan'uwa na jini, da lambar wayarsa, da sa hannunsa, wanda za a nema idan ciwo ko mutuwa ta same ka a can. Ba ita, ba tafiya, kuma ranar Juma'a za a aika da takardun.

Ɗiyata ɗaya tana aure a wani ƙauye bayan Maraɗi, inda sai an hau tudu ake samun waya. Saura ƙanena Habu, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda gonarsa ke jikin tawa ta gado. Shekara huɗu ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwar jana'iza.

Ga abin da ya faru. A wani rani aka sanar za a rufe kanal kwana tara don gyara. Ruwan ƙarshe, daga azahar zuwa la'asar ranar Alhamis, na Habu ne a jadawali, kuma ya yi dashen albasa kwana biyu kafin nan. Manoma suka taru a bakin ƙofa, kowa a tsorace. Wani daga baya ya ce, "Yau za mu ga ko makullin na gwamnati ne ko na gidansu." Maganar ta shige ni. Sai na buɗe wa maƙwabcinsa na ɗaya gefen. Jama'a suka yi ta yaba mini, wai Malam Ado ko ƙanensa bai ɗaga wa ƙafa ba. Dashen Habu ya ƙone ƙurmus. Bai kai ƙara ba, bai zage ni ba. Ya daina shigowa gidana kawai.

Na koma wurin Madam Rahila na ce ko ita za ta sa hannu.

"Da zan iya da na yi, Baba. Na jini suka ce. Ba ka da kowa ne?"

Na ce ina da shi.

Ranar Talata da hantsi na sami Habu a gona yana cire ciyawa a cikin albasa. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Na faɗi abin da ya kawo ni, na miƙa takardar. Ya goge hannu a riga, amma bai karɓa ba.

"Wato in ka mutu ni za a kira."

"Kai ne."

"Ikon Allah. Ashe an san ni a jadawali."

Na ce, "Habu, ko ba takarda, matafiyi yana neman gafara kafin ya fita. Ka yafe mini. In hasarar ce, ka faɗi abin da ta kai."

"Yaya, ni ba ciniki na zo yi gona ba. Ruwa ka ɗauka, ruwa nake binka. Azahar zuwa la'asar. Kuma a gaban mutane ka ɗauka."

Gonata alkama ce a lokacin, ta fara fitar da kai, lokacin da ba ta son ƙishi ko kaɗan. A wannan shekarar rabona ranar Alhamis yake, azahar zuwa la'asar. In na bayar, sai wani makon. Doka ta yarda manomi ya bar wa wani rabonsa, muddin an rubuta, shugaban manoma ya shaida. Na je na gaya wa Injiniya, don kada a ce mai makulli ya yi gaban kansa. Ya ce, "Alkamarka ce, Malam. Ka dai rubuta."

Ranar Alhamis bayan sallar azahar na tsaya a bakin ƙofa. Akwai manoma kamar goma sha biyu, da shugabansu, da ma wanda ya yi waccan maganar, ya tsufa kaɗan. Na ce musu, "Shekara huɗu da suka wuce kun yabe ni a nan. Ranar ta Habu ce, na sani, jadawali yana aljihuna. Tsoron bakinku ne ya sa na hana shi, ba gaskiya ba."

Na toshe bakin gonata da ƙasa, na buɗe na Habu.

Sa'a uku na zauna a kan kwalbati ina kallon ruwa yana wuce alkamata. Mutane suka watse ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda suka saba. A nan na gane abin da nake so ku riƙe. Ana yawan gargaɗinmu kada mu fifita namu, kuma gaskiya ne. Amma ba wanda ya taɓa gaya mini cewa mai makulli yana iya zaluntar nasa don a ce shi adali ne, kuma wannan zaluncin ya fi wuyar ganewa, saboda tafi ake yi masa. Jadawali ba ya sanin ɗan'uwa, ko don a ba shi, ko don a hana shi.

Da aka kira la'asar na rufe ƙofa. Habu ya fito daga cikin albasa, laka har gwiwa. Ya wanke hannu a kanal, ya zauna a ɗaya gefen kwalbatin, ya karɓi biro. Ya ɗora takardar a cinyarsa ya rubuta sunansa a hankali, ya karanto mini lambar wayarsa, wadda ban ma da ita.

Ya miƙo mini, ya dubi alkamar da ta fara lanƙwasa.

"Za ta rage buhu biyu, ko uku."

Na ce, "Na sani."

"To. Ba na binka komai, Yaya. Allah Ya kai ka lafiya. Kuma kada ka sa a kira ni."